Kwamfutar Torkel da Ƙaryar da Na Yi

Litinin, 4 ga Nuwamba, 11:20 na safe

Jiya na yi ƙarya, yau ga ni zaune dirshan a falon Torkel, kwalaye tara sun sa ni a tsakiya.

Bari in rubuta yadda aka yi kafin in fara gyara wa kaina labarin. Na je wajensa asibiti kamar kullum. Na ba shi labarin Mama, na ba shi labarin hanya, na gaya masa an sa wa motocinmu tayoyin sanyi. Shi dai yana kallon taga. Mako biyar ke nan yayana yana kallon tagar nan, alhali babu komai a bayanta sai filin ajiye motoci. Sai na ji bakina ya ce, "Af, na haɗa maka sabuwar kwamfutarka. Tana aiki lafiya lau, kai kawai take jira."

Ya juyo. Ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar Talatar nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi.

Ban haɗa komai ba. Ni direbar bas ce, abin da na sani game da kwamfuta shi ne inda ake kunna ta. Shi ya sayi kayan nan guntu-guntu, ya sayar da tsohuwar tun watan Satumba, yana ta rawar kai zai haɗa sabuwa kafin taronsu. Shekara ashirin da uku ke nan, duk Nuwamba, shi da abokansa huɗu suna kwasar kwamfutocinsu su kai zauren taron ƙauyenmu, su jera tebura, su wuni suna harbin juna a wasa, ƙarti 'yan arba'in-arba'in. Bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Na bana ranar Asabar ne, 23 ga wata, kuma likita ya ce za a ba shi awa shida ya fita ranar, idan ya yarda yana motsa jikin da ake sa shi.

Kwana goma sha tara ke gare ni. Ina sauka daga aikin safe ƙarfe goma, in koma na yamma biyu da rabi. Abin da ke tsakani na kwamfutar ne.

Wa ya aike ki, Majken?

Laraba, 6 ga Nuwamba, 1:45 na rana

Ta tashi.

Kwana biyu ina bin wani mutum a bidiyo, yana ta bayani da fara'a, ni ina tsayar da shi ina zaginsa. Gefen akwatin ya yanke ni a babban yatsa, na ɗiga jini a littafin bayani. Wani noti ya shige ƙarƙashin babban bod, allon nan da ake soka komai a jikinsa, sai da na kife abin gaba ɗaya na girgiza sannan ya faɗo. Wasu kwalayen na tarar an buɗe su an mayar, wato Torkel ya riga ya leƙa kayansa. Tun muna yara bai iya haƙuri ba.

Da na danna, fankoki suka juya, fitilu suka kama, ja da kore da shuɗi. Mutum mai shekara arba'in da biyu ya zauna ya zaɓi fitilu. Amma sikirin baƙi ƙirin. Minti arba'in ina zufa, ashe a ramin sama na soka wayar maimakon ramin katin hoto. Ina canjawa rubutu ya fito.

Ashe abin ba wuya. Shekara ashirin yana cika mana baki a kan aikin kwana biyu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 12:10 na rana

Saura abu ɗaya, a saka mata babbar manhaja, wadda in babu ita kwamfuta akwatin fitilu ce kawai. Na kwafo ta a filash daga tsohuwar laftof ɗina, na soka, na amsa tambayoyin. Ta fara ƙirga. Kashi goma, talatin, hamsin. Na tashi na ɗora kofi. Kafin ruwan ya tafasa ta tsaya cak a kashi 61, ta rubuto wai ba ta iya kwafe wasu fayiloli ba, in sake gwadawa.

Na sake.

Alhamis ɗin dai, 1:55

61. Sai 61. Sai 58. Zan makara aiki.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 7:40 na yamma

Solveig ta tare ni a barandar asibiti. Ita ce mai koya masa motsa jiki, doguwar mace da ba ta san wasa ba. Ta ce, "Majken, ban san me kika gaya masa ranar Lahadi ba, amma ki ci gaba. Yau ya tsaya da ƙafafunsa minti biyu, kuma shi ya nemi a ƙara."

Na ce madalla. Me zan ce?

Da na shiga ya ɗaga hannun hagu, ya yi kamar yana danna madannai a kan bargo, ya ɗaga min gira. Na ce, "Sauri gare ta ba kaɗan ba. Ko ƙarar fanka ba ka ji." Ya ce, "To." Kalmomi uku ke gare shi yanzu. Akwai to, akwai a'a, sai wata guda da ba zan rubuta ba, wadda yake ajiye wa miyar waken da ake ba su ranar Alhamis.

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita, kuma wannan ne ya ƙona min rai duk hanyar gida.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 3:00 na rana

Sabon filash, 61. Na koma shago na sayo wani iri daban, 63. Wai an samu ci gaba ke nan.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Na haɗiye girman kai na rubuta wa abokansa a zauren hirarsu na waya. Cikin rabin awa saƙo talatin. Wannan ya ce filash ne, wancan ya ce faifan ajiya ne, wani ya ce in turo hotunan ciki, na tura, bai sake cewa uffan ba. Wani kuma hoton biri ya turo min riƙe da sukundireba. A nan na gano abin da ban sani ba. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da hannunsa. Torkel ke haɗa musu, Torkel ke gyara musu, su danne-danne kawai suka iya.

Kuma mako shida ke nan ko ɗaya bai taka asibitin ba. Furanni suka aika. Furanni, ga mutumin da ke atishawa in ya gifta ta kusa da lambu. Sai kati mai hoton soja, an rubuta, "Ka dawo fagen daga." Na jefa shi a shara kafin ya gani, kuma ban yi da-na-sani ba.

Pontus ya ce zai zo Talata ya duba. Shi ne babban amininsa tun suna aji ɗaya na firamare, shi ya sa ya fi kowa ba ni haushi.

Talata, 12 ga Nuwamba, 1:30 na rana

Ya zo da burodin kirfa guda shida a leda. Ya cire takalmi, ya tsaya yana kallon takalman Torkel a bakin ƙofa, har sai da na ce masa kwamfutar tana ciki.

Ya leƙa akwatin ya ce, "Kai, Auta, ke kika haɗa wannan? Wayoyin nan ai taliya ce."

"Kada ka ce min Auta. Mutum ɗaya ke kirana haka."

"Shekara talatin ina ce miki Auta."

"Yau ka daina."

Ya shiga shafin nan da suke kira bayos, inda ake saita cikin na'urar. Ya kunna wannan, ya kashe wancan, yana cewa, "Ina jin nan Torkel yake taɓawa." Awa ɗaya da rabi yana jin nan Torkel yake taɓawa. Da ya gama, ko filash ɗin ma ta daina gani. Sai da muka cire ɗan batirin da ke kan bod muka mayar sannan ta dawo hayyacinta, ta koma 61 ɗinta.

Ya share goshi ya ce, "Ki tambaye shi mana. Kallo ɗaya zai yi."

"Na gaya masa tana aiki."

Ya ce, "Me ya kai ki?"

"Da ka je ka ga yadda yake kallon taga, da ba ka yi min wannan tambayar ba."

"Ina so in je. Aiki ne ya sha kaina."

"Aiki. Ni ai zaman banza nake yi. Minti ashirin ne daga ofishinka, Pontus. Bas lamba huɗu, ni nake tuƙa ta, har ƙofar asibitin take tsayawa."

Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar burodin. Na ci uku a tsaye don haushi. Suna da daɗi, wannan ma ya ƙara min haushi.

Laraba, 13 ga Nuwamba, 12:40 na rana

61.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, 7:50 na yamma

Yau ba zan yi maganar kwamfuta ba.

Na kai masa kofi a filas, don na asibitin ruwan wanke-wanke ne. Ina zubawa ina ba shi labarin wani fasinja da ya shigo da akuyar roba, sai hannuna ya goce. Kofi ya zubo masa a bayan hannun dama, yana tururi. Na zabura na fizgi tawul. Shi kuwa fuskata yake kallo, yana jira in ƙarasa labarin. Sai da ya ga inda nake gogewa sannan ya duba ƙasa.

Nas ta shafa masa magani, ta ce ba komai, fatar ba ta tashi ba. Ba komai wai.

Na zauna a mota minti ashirin ban tayar ba. Tayoyin gaba suna son iska.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 11:15 na safe

Shagon gyaran garinmu ya rufe tun bara, yanzu ana sayar da abincin karnuka a wurin. Na buga wa wani a Karlstad. Mutumin ya saurare ni da murya mai sanyi, ya ce zai iya zama faifai, zai iya zama ƙwaƙwalwa, zai iya zama bod, zai iya zama wuta. Na ce masa zai iya zama ruwan sama ma. Ya ce in kawo su duba, layi ya kai 9 ga Disamba.

Na ce, "Ranar 23 nake buƙatarta."

Ya ce, "Kowa yana da ranar da yake buƙata, baiwar Allah."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na kashe wayar a kunnensa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2:20 na rana

Na karanta cewa sabon bod kan so a sabunta masa bayos, kuma in wuta ta ɗauke ana tsaka da yi, shi ke nan, an yi asararsa. Na kashe firij, na kashe hita, na zauna a sanyi da rigar aiki ina kallon wani layi yana rarrafe. Ya kai ƙarshe lafiya.

Na soka filash. Ta wuce 61. Ta wuce 65, ta wuce 70. Na miƙe tsaye, har na fara tsara saƙon da zan tura wa Pontus, da irin kalmomin da zan sa a ciki. A 74 ta tsaya. Ta rubuto min maganar nan tata cikin ladabi, in sake gwadawa. Ladabin ne ya fi ci min rai. Na ɗauki sukundireba na jefi bango, yanzu akwai rami kusa da hoton Baba.

Mama ta kira ina tsaka da tattara ɓarɓashin fenti. Ta ce in daina wahalar da kaina a kan wasan yara, wai ko an kai shi zauren ma, me zai yi da

Ban bar ta ta ƙarasa ba. Ba zan ƙarasa mata a nan ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 6:15 na yamma

Wani dattijo ya nuna min agogonsa ya ce na makara minti uku. Na ce masa in yana sauri ya sauka ya taka. Shugabar aikinmu ta kira ni ofis, ta ba ni kujera, ta tambaye ni ko ina so in ɗauki hutu saboda halin da ake ciki a gida. Na ce wane hali? Kwamfuta ce ta ƙi aiki.

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi, ba a taɓa kai ƙarata ba sai yau.

Talata, 19 ga Nuwamba, 10:40 na safe

Pontus ya shiga bas ɗina da safen nan. Ya zauna a kujerar da ke bayana, inda aka rubuta kada a yi wa direba magana, ya fara yi wa direba magana.

"Na yi tunani. Mu kwashe kayan cikin tawa mu zuba a akwatinsa. Kwana ɗaya ne, ba zai gane ba."

"Shi ya haɗa taka. Da kunne zai gane ta."

"To mu ce an ɗage taron."

"A ɗage zuwa yaushe? Ka san sau nawa ya tsaya da ƙafafunsa saboda ranar nan?"

Muka iso tashar asibiti. Babu mai sauka, babu mai hawa, amma na tsaya na buɗe ƙofa, sanyi yana ta shigowa. Na duba madubi, yana zaune ya riƙe jaka a ƙirji.

Na ce, "Hawa na uku, ɗaki na biyu a hagu."

Ya ce, "Ba zan iya ba, Majken. Ina so in riƙa tuna shi yadda yake."

"Bai mutu ba, sakarai."

Wata mata a baya ta yi gyaran murya. Na rufe ƙofa na ja. Ya sauka a tasha ta gaba, hancinsa ja, ya tsallaka titi ya tsaya jiran mai komawa. Na san tsoro ne ke damunsa. Ni ma tsoron nake ji kullum a cikin lif ɗin nan, amma ina danna lamba uku.

Laraba, 20 ga Nuwamba, 1:50 na rana

Na cire komai na mayar, waya-waya, noti-noti. 61. Saura kwana uku.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 1:35 na rana

Na je da rana, don in na jira yamma zan fasa. Solveig tana ɗakin, tana yin alama da jar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, a jadawalinsa da ke manne a bango. Ko gaishe ta ban yi ba.

Na ce, "Torkel, ƙarya na yi maka. Ba ta aiki, ba ta taɓa aiki ba. Na haɗa ta, tana kunnuwa, amma ta ƙi karɓar manhaja, kullum sai ta kai 61 ta tsaya. Kuma laifinka ne. Ka tara min kwalaye tara ka zo nan ka kwanta, ka bar ni da abokanka marasa amfani, ka bar ni da Mama." Na faɗi abubuwa da yawa, wasu ba na kwamfuta ba ne. Solveig ta ajiye makarta a kan tebur ta koma bakin ƙofa.

Na ɗauka zai juya wa taga. Sai ya miƙo hannun hagu yana nuna aljihuna. Waya yake so. Na buɗe masa hotunan cikin kwamfutar, waɗanda na ɗauka saboda abokansa. Ya aza wayar a cinya yana turawa da babban yatsa. Da ya ga yadda na cusa wayoyi, ya faɗi kalmarsa ta miyar wake, ya wuce. Can ya tsaya a wani hoto, ya buɗa shi da ƙyar har sanduna biyun nan sirara suka cika fuskar wayar, waɗanda ake kira ram, ƙwaƙwalwar da na'urar ke riƙe aiki da ita. Ya ƙwanƙwasa ta dama da farce. A samanta akwai ɗan jan ɗigo, bai kai kan ashana ba. Na gan shi tun ranar da na soka ta, na ɗauka daga kamfani ne.

Na ce, "In ƙara danna ta?"

"A'a."

"In canja mata rami?"

"A'a."

"To me, Torkel? Ni ban san gaibu ba."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, jijiyar wuyansa ta tashi, babu abin da ya fito. Ya duba nan, ya duba can, idonsa ya sauka a kan jar makar da Solveig ta bari. Ya ɗauka, ya cire murfin da haƙori. Ya jawo hannunsa na dama da na hagu, ya shimfiɗa shi a kan bargo, ya ɗiga masa ja a baya. Ya nuna hoton, ya nuna hannun, ya dube ni.

Na gane.

Solveig ta ce a hankali, "Bari in kawo auduga in goge." Ya ce, "A'a," ya rufe ɗigon da tafinsa.

Alhamis ɗin dai, 6:55 na yamma

Na zare mai jan ɗigon, na bar ɗaya. 61, 62. 74, 75. Ɗari. Minti goma sha ɗaya duka-duka, sai ga ta tana yi min barka da zuwa.

Mako biyu na kashe a kan abin da ya gani da kallo ɗaya. Ya kamata in yi murna. Ni dai abin da nake gani shi ne yadda ya cire murfin nan da haƙori, kuma ina jin haushinsa fiye da duk haushin da na ji a watan nan.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, 12:30 na rana

Ina tattara kwalaye na tarar da ambulan a ƙarƙashin na ram ɗin, an riga an manna masa adireshin mayarwa. Wato ya gwada su ranar Litinin, ya gano guda ta lalace, zai kai gidan waya Talata, ranar da ciwon ya kayar da shi.

Na kira Pontus na gaya masa ta yi. Ya ce, "Jan ɗigo? Ai haka yake yi tun muna sakandare. Duk abin da ya gwada ya tarar matacce, sai ya ɗiga masa ja ya ajiye."

"Awa ɗaya da rabi kanka yana cikin akwatin nan."

"Ban lura ba."

"Kai ai ba ka lura da komai."

Ban gaya masa maganar hannun ba, gobe zai gani da idonsa. Na ce ya je da wuri ya share ƙanƙarar bakin zauren saboda keken marasa lafiya, ya ajiye wa Torkel teburinsa na kusa da ƙofar kicin. Na kuma ce masa in ya kuskura ya yi masa magana da muryar da ake yi wa jarirai, zan bi ta kansa da bas. Ya ce ya ji.

Wasanninsa suna ta sauka a kwamfutar daga intanet. Sai ci suke yi, har yanzu ba su ƙoshi ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 7:30 na yamma

Mun isa sha ɗaya saura. Da na turo shi cikin zauren, su huɗun suka miƙe suka jera, hannuwa a baya, kamar masu karɓar gaisuwar rasuwa. Na ji kamar in juya keken mu koma. Pontus ya yi fari fat. Sannan ya ce, "Ka makara, tsoho. Mun ɗauka tsoro ka ji." Torkel ya faɗi kalmarsa, kowa ya fashe da dariya, suka zo suna bubbuga masa kafaɗa.

Sai da ya gama duba kwamfutar ta gilashi, yana girgiza kai a kan wayoyina, sannan ya yarda aka kunna. Fitilunsa suka kama. Ya aza hannun hagu a madannai. Linzamin kwamfutar, wato maus, yana gefen dama, babu wanda ya kalle shi, har sai da na ɗauke shi na dawo da shi hagu. Wasan hannu biyu yake so. In ya yi tafiya ba ya iya juyawa, in ya juya ba ya tafiya, sojansa sai karo yake yi da bango. Na lura sun fara harbi suna kuskure da gangan. Shi ma ya lura. Ya daki tebur ya ce, "A'a," har kofuna suka motsa. Daga nan Pontus ya kashe shi sau goma sha ɗaya a jere, kuma wannan ne abin kirki na farko da ya yi a wata biyu.

Minti arba'in ya yi, ya gaji. Sauran lokacin kallo ya yi, yana cin tsiran alade da burodi, yana nuna musu kuskurensu da yatsa. Da Pontus ya kawo masa kofi ya ga bayan hannun, sai ya ce zai duba motarsa, ya fita ba rigar sanyi. Ya yi minti goma a waje.

Ƙarfe huɗu na tura shi kicin in sa masa kayan sanyi mu koma. Na ɗaga hannunsa na dama zan zura masa safar hannu, ɗigon yana nan. Solveig ta gaya min da safe kwana biyu ya hana a wanke wurin.

Na ce, "Ba za ka koma min da wannan ba."

"A'a."

"Ba tambayarka na yi ba. Ka ɗiga wa ram ɗinka, ka ɗiga wa abokanka in ka ga dama. Wannan kam ban yarda ba."

Na ɗauki soson wanke tukwane, koren nan mai kaushi, na zuba sabulu. Ya kawo hannun hagu zai kare, na danne shi da gwiwar hannuna. Na fara dirza. Makar ta ƙi fita, ni kuma na ƙi bari. Na dirza da haushin kwalaye tara da 61 da furanni da tagar nan, kumfa tana zuba masa a wando, fatar ta yi ja har ban iya bambance ta da ɗigon.

"Zafi."

Na ɗaga kai. Ba hannun yake kallo ba. Kansa yana jingine da keken, idanunsa a rufe, ya yamutsa fuska.

Na ce, "Me ka ce?"

"Auta. Zafi."

Ban daina ba sai da ya sake faɗa.